Allon Farashin Basma

Basma na tsaye kan kujera tana manna allon farashi a bango, mahaifiyarta Maijidda na zaune tana bin ta da harara. Gefen ƙasa na allon ya ƙi kamawa, da ta danna sai ya sake ɗagowa.

"Yumma, ya miƙe?"

"Ya miƙe. Ni ce na karkace."

Hawa uku Basma ta yi wa farashin, da rubutun Larabci mai ruwan gwal: azurfa, zinariya, lu'ulu'u. Mafi araha riyal ɗari da arba'in da tara.

"Wannan riyal ɗayan da kika rage, wa kike yi wa wayo?"

"Haka ake yi yanzu, Yumma. Kuma haya ba ta san kunya ba."

Gaskiyarta ce, shi ya sa maganar ta yi ciwo. Sama da shekara talatin Maijidda ta yi tana yi wa mata dukhan, wato turara jiki da hayaƙi, a unguwar Hindawiyya ta Makka, kamar yadda uwarta ta koyo a Sudan a hanyarsu ta zuwa Makka. Rami ne a tsakar gida, a zuba garwashi da itacen ɗalha, mace ta shafe jiki da man riɗi ta zauna a kai, a lulluɓe ta da bargo. Bayan 'yan kwanaki fata ta yi jawur tana sheƙi. Talla kuwa hayaƙin ne ke yi mata, ya bi lungu yana shiga tagogin mutane. Bakinta bai taɓa furta farashi ba. Akwai tabarma a bakin ƙofa, duk mai fita sai ta ɗaga gefe ta cusa abin da ta iya. Maijidda ba ta ɗagawa sai kowa ya watse, don haka har yau ba ta san wace ce mai hannu da shuni ba, wace ce ta sa riyal biyar.

Sai aikin faɗaɗa titi ya cinye lungun, maƙwabta suka warwatsu. Yau ga Maijidda a bene a unguwar Aziziyya, ƙasa duk tayil, maimakon rami sai kujerar katako mai huda da kasko a ƙarƙashi. Basma ta sa hotuna a Instagram, ta rubuta "launin zinariya irin na Sudan". Abin mamaki, 'yan matan Larabawa farare tas su ne ke rububin kama layi a dafa musu fata, alhali 'yan matanmu na can gida suna ƙarar da kuɗi a man bilicin. Duniya rawar 'yan mata!

Ba wannan ne ya hana Maijidda sukuni ba. Ta aika wa tsofaffin maƙwabtanta cewa ta buɗe, kuma ta san halinsu. Duk wadda ta ga allon nan za ta juya, ba za ta sake takowa ba.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Hure ce, wadda katanga ɗaya ta raba su a Hindawiyya, da jikarta Rumasa'u da za a yi wa biki ƙarshen wata. Suka rungume juna, ana dariya ana share ido.

"Yaya Maijidda, ashe rai kan ga rai!"

Rumasa'u ta karanta allon, ta raɗa wa kakarta wani abu. Hure ta gyara mayafi.

"Da ma gaisuwa muka zo, mu ga sabon wuri. Allah Ya sa albarka. Bari mu kama hanya kafin magariba."

Maijidda ta dubi ledar da ke hannun Hure. Kan kwalbar man riɗi ya leƙo. A lungunsu amarya ce ke zuwa da manta, kuma ba wanda ke tafiya gaisuwa da man riɗi.

"Hure, tun yaushe kika koyi yi mini ƙarya? Ke yarinya, shiga ciki ki tuɓe."

Basma ta matso tana magana ƙasa-ƙasa. "Yumma, akwai mai zuwa yanzu, wallah ta biya arbun, kafin alƙalaminta na hannuna."

"Ki ba ta gahawa da dabino. Hayaƙi ba ya ƙarewa."

Basma ta wuce kicin tana cewa, "Halas, shi ke nan."

Ƙamshin ɗalha ya tashi. Rumasa'u na zufa cikin bargo, tsofaffin biyu suna zaune suna kiran sunayen mutanen lungu gida-gida: wadda ta koma Jidda, wadda aka mayar Damagaram, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Maijidda ta ji kewa ta cika mata ƙirji, ba ta kuma ɓoye ba, ta yi kukanta ta ce hayaƙi ne.

Da za su tafi, baƙuwar Basma na zaune da kofin gahawa. Hure ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a dunƙule cikin mayafi, tana duban ƙasa. Tayil ne fes, ba gefen da za a ɗaga. Tabarmar tana can ƙarƙashin ɓaraguzan Hindawiyya. Maijidda ta kau da kai don kada ta ga kunyar ƙawarta.

Hure ta waiga hagu, ta waiga dama. Sai ta ga gefen allon nan da ya ƙi kamawa. Ta ɗaga shi da yatsa, ta cusa abin da ke hannunta, ta shafa sama kamar yadda take yi wa tabarma.

"Sai jibi, Yaya."

"Allah Ya kai mu."

Ƙofa na rufuwa Basma ta miƙa hannu.

"Kul," in ji Maijidda. "Sai kowa ya tafi."

Basma ta janye hannun. Ta ɗauko salatif ɗin da ta ajiye tun safe don ta gama manne gefen, ta jujjuya shi, ta dubi mahaifiyarta da ke hura sabon garwashi. Sai ta mayar da shi cikin durowa ta rufe.