Cizon Batir

Bawa ya sake danna maɓallin buroshinsa na goge baki mai batir. Abin ya yi ɗan gurnani kamar ƙudan zuma da ya sha hayaƙi, ya yi shiru. Ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu. Ko motsi.

"Ya mutu?" in ji matarsa Maijidda daga bakin murhu.

"Bai mutu ba. Hutawa yake."

"To, ka gaya wa Ruƙayyatu haka in ta iso."

Ɗiyarsu Ruƙayyatu, da ke aure a Sakkwato, ita ta kawo buroshin bayan ta kai shi asibiti a Isa. Likita ya leƙa bakin Bawa ya faɗa masa gaskiya: haƙoran taunarsa duk sun tafi, saura biyu a gefen dama, na sama da na ƙasa, kuma na ƙasan ya fara girgiɗi. In ya kula da dasashinsa, haƙorin zai iya zama. In bai kula ba, shi da nama da goro sai kallo. Ruƙayyatu ta koya masa komai. Kar ya danna da ƙarfi, ya bar injin ya yi aikinsa, ya wanke kan, ya tsayar da shi ya bushe, kar ruwa ya shiga wurin batir. Bawa ya riƙe wannan kamar alwala. Jinin dasashin ma ya tsaya.

Abu ɗaya ne bai kiyaye ba. Batiran buroshin sun yi daidai da ƙaramin rediyonsa, shi kuwa mutum ne da ba ya karyawa sai ya ji labarai. Da safe ya goge baki, ya zare su ya sa a rediyo, da yamma ya mayar. Yau ga shi Ruƙayyatu na tafe don ta mai da shi wurin likita, kuma ya san abin da za ta fara tambaya.

Ya zura buroshin a aljihu ya fita. Shagon Lawwali mai sayar da batir a rufe, an ce ya tafi Unguwar Lalle gaisuwar rasuwa. A gindin dogonyaro ya tarar da abokinsa Is'haƙa yana gyaran ƙotar fartanya.

"Ango mai injin baki! Yau ban ji kukansa ba."

"Bar wasa, Is'haƙa. Batir ya yi sanyi, kuma yarinyar na bisa hanya."

"Shanya shi a rana."

Su duka suka ɗaga kai. Hadari ya rufe sama tun asuba, daga gabas har yamma.

"To, cije shi mana. Mi kake jira? Tun muna samari haka muke yi wa na tocila. Ka ɗan lotsa cikinsa, wuta ta taso."

Bawa ya san haka ne. Shi kansa ya ciji batir ba adadi, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Ya zaro batiran ya miƙa wa abokin ɗaya. "Cije mani."

Is'haƙa ya washe baki, dasashi fal, babu haƙori ko ɗaya. "Da mi? Sai dai in tsotse maka shi."

"A sa dutse, to."

"Dutse fasa shi zai yi, baƙin nan ya zubo. Wanga aiki na haƙori ne, shi ya san iyaka."

Bawa ya juya batirin a hannu. Haƙoran gaba ba su da ƙarfin wannan aiki. Ya ce a ransa, kaɗan za ni taɓa. Ya kai shi gefen dama ya matsa a hankali. Na farko ya lotsa lafiya lau. Ya ɗauki na biyu, wanda ya fi tauri, ya ƙara ƙarfi.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ya ji gishiri-gishiri a harshe. Ya tofa a tafin hannunsa, ga haƙorin nan har saiwa, fes da shi, bai taɓa ganinsa da haske haka ba.

Is'haƙa ya ajiye fartanya. "Innalillahi. Bawa..."

Bawa ya kurkure baki da ruwan butar abokin, ya goge batiran a gefen riga, ya jera su, ya rufe murfi, ya danna. Buroshin ya ɗauka da ƙarfi kamar ranar da aka fito da shi daga kwali.

Kafin azahar ɗan kabu-kabu ya sauke Ruƙayyatu a ƙofar gida. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sha ruwa, ba ta ko cire hijabi ba ta ce, "Baba, ina buroshin? Yana aiki?"

Ya danna mata. Ta yi murmushi, ta waiwayi uwarta. "Inna, ke da kika ce ba zai iya riƙe shi ba."

Maijidda ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Buɗe bakin in gani, Baba."

Bawa ya kashe injin. Maimakon baki, hannu ya buɗe mata. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Ta karɓi buroshin ta zare murfin, ta ga shatin haƙora a jikin batiran. Ta mayar ta rufe, ta zauna a bakin tabarma.

"Sauran fa?" ya ce. "Su ma za ni ci gaba da goge su?"

"Awo, Baba. Sai dai ka bar gefen nan har likita ya gani."

Ya ɗauki buta da man goge baki, ya tsuguna a bakin rariya, ya fara daga hagu, a hankali, ba tare da ya danna ba.