Randunan Ibrahimu

"Wannan ba inda za ta," in ji Haj Abdallah mai gidan, ya dafa randar da direban motar kaya ya rungumo.

Rahmatu ta dire ƙullin tukwanen da ke hannunta. Tun hantsi take fama. Ƙafar gado ta karye a bakin ƙofa, ɗanta Salahuddin sai bugo waya yake daga unguwar Sahafa, inda za ta koma wurinsa, wai a yi sauri kafin gadar kogi ta cushe, yanzu kuma ga wannan.

Randuna uku ne a ƙofar gidan, sabil ɗin, wato ruwan sadaka, da ta kafa wa mijinta Ibrahimu shekarar da ya rasu. Duk mai wucewa ta wannan lungu na Umdurman yana sha, ladan yana isa ga mamaci.

"Ya Hajja, abin da ya shekara tara a jikin bangona ai na gida ne."

"Bangon naka ne ya je kasuwa ya sayo su? Haba Haj, ka ji tsoron Allah mana!"

Ya waiwaya neman mai goya masa baya. Mayada, mai hayar ɗaya ɗakin, tana tsaye a ƙofa ta harɗe hannuwa. Shekara guda ke nan ko sallama ba ta haɗa ta da Rahmatu, tun rigimarsu a kan igiyar shanya.

"Nata ne," in ji Mayada, ba ta dubi kowa ba.

Haj ya yi tsaki ya matsa. Aka ɗora randunan a mota, aka tokare su da katifa.

"To can a ina za a sauke su?" direba ya tambaya. "Ɗanki fa a hawa na uku yake."

Ta sani sarai, ƙin tunawa kawai take yi. Tana nan tsaye sai ga wani mai tura baro ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya miƙa hannu inda ya saba, ya tarar da ƙarfen girke randa wayam. Ya ce malesh, wato ba komai, ya wuce.

Abin ya soki Rahmatu har cikin rai. Ta ci Haj da magana, amma Ibrahimu ta yanke wa ruwa.

"Sauke su," ta ce.

Direba ya yi ta mita yana saukewa. Ita kuwa ta ja ƙafa har gaban Mayada.

"Maman Layla, alfarma nake nema. Ba don ni ba. Ko guda ɗaya ce ki riƙa cikawa da safe."

Mayada ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke dai wallahi! Tun da gwiwarki ta fara ciwo biyu kike cikawa ki shige ɗaki. Ta ukun fa, kin zaci aljanu ne?"