Kemistirin Auta

Ranar da aka buɗe neman gurbin jami'a, da kaina na kai ƙanwata Auta ɗakin kwamfuta na makarantarmu, inda nake koyar da lissafi. Na ja mata kujera, na tsaya a kanta ina karanto mata tambayoyin kamar ba ta iya karatu ba.

Kowa a gida ya san abin da take son karantawa, wato ilimin ƙwaƙwalwa da ɗabi'a. Tun da Baba ya faɗo daga tsani a wurin aiki ya bugu a kai, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba ya koma yi wa ƙofa tsawa in ta ƙi buɗuwa. Auta ta ƙudura sai ta san abin da ya taɓu a cikin kan nan. Ta ci jarrabawarta kuwa, ci mai kyau.

A shafi na uku sai jan rubutu ya fito. Ana buƙatar sakamakon bayoloji, lissafi da kemistiri.

"Yaya, kemistiri fa," in ji ta.

"Sake dannawa. Injin ne, ya tsufa."

Ta sake dannawa har sau biyu. Jan rubutun bai gusa ba. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ba ta dube ni ba.

Ni na soke mata kemistiri, shekara biyu da suka wuce. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, kuma komai na makarantar haushi yake ba ni: famfon ɗakin gwaji ba ruwa, kwalaben sun yi ƙura, yara suna haddace gwajin da ba su taɓa gani da ido ba, malamai kuwa suna shan shayi suna cewa haka suka tarar. Har yau ina nan a kan bakana, wannan sakaci ne. Amma wanda na fi tsana shi ne dattijon da ke ba ɗalibai shawarar zaɓen darussa. Yara suna kiransa Malam Bari-Mu-Gani, don ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, amsar ke nan.

Da Auta ta kai masa takardar zaɓe, ya ce ta riƙe kemistiri, zai bincika. Ni kuwa na riga na duba a wayata. Wata jami'a ta ƙasar waje, wadda ko kuɗin jirginta ba mu da shi, bayoloji da lissafi kawai ta nema. Na shiga ofishinsa da takardar a hannu, malamai uku suna zaune.

"Malam, karatun ɗabi'ar mutum za ta yi, ba haɗa sabulu ba. Zamani ya wuce ku."

"To, Sabon Jini, bari mu gani," in ji shi.

"Shekara talatin kuna gani. Me kuka gano?"

Aka yi dariya, na ji daɗinta. Na ja layi a kan kemistiri, na rubuta ilimin zamantakewa, na sa hannu a gurbin mai kula da ɗaliba.

Yanzu ga mu mun fito daga ɗakin kwamfuta, ofishin nasa yana ƙarshen baranda. Na so mu bi ta bayan gini. Auta ta miƙe kai tsaye, dole na bi ta.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya jawo aljihun teburinsa, wanda na sha cewa mushen takardu ne a ciki, ya fito da wani fayil. Sharuɗɗan jami'o'i ne, shekara bayan shekara, ya ja layi da jan biro a duk inda aka canza wani abu. Ya buɗe wani shafi ya juyo mana da shi.

"Kwana huɗu bayan zuwanku wancan karon jami'o'in suka amsa mini. Na aika a kira ka, ka ce kana da aji."

Na tuna. Ba ni da aji ranar.

"Ƙwaƙwalwa da sinadarai take aika saƙo, ɗana, shi ya sa suke nema," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi, da na sami abin riƙewa.

"Malam, babu wata hanya bana?" in ji Auta.

"Bana kam babu, 'yata." Karon farko ke nan da na ji ya yanke magana nan take. "Ki dawo ki zauna da 'yan ajin ƙarshe, ki rubuta kemistiri kaɗai baɗi. Aikin shekara biyu ne a shekara ɗaya. Zan roƙi malamarsu ta ba ki benci."

"Da ƙannena na makaranta zan zauna ke nan."

"Da su."

Na buɗe baki na fara cewa ai laifin tsarin ne, da ya kamata a manna sharuɗɗan nan a allo kowa ya gani. Gaskiya ce, amma ko ni ban iya ƙarasa ta ba.

A hanyar gida Auta tana gaba ina baya. Sai da muka kai ƙofa ta tsaya.

"Zan koma ajin, Yaya. Amma ba ni zan gaya wa Baba ba. Kuma kada ka ce masa injin ne."

Ta shige wurin Mama. Baba yana ɗakinsa, rediyo a kunne, tun safe yake jiran a zo a ce masa an cika takarda. Na cire takalmina, na daidaita su a bakin ƙofa, na sake daidaita su.

"Wane ne a nan yake ta jan ƙafa?" ya daka tsawa. "An gama?"

"Ni ne, Baba," na ce. "Rage rediyon, ni na yi ɓarna."