Raɗar Mai Faci a Bakin Daro

A kan bencin gaban rumfa suka ƙulla maganar, Mai Faci da Gajere, na hannun daman Kansila. Gajere bai zo neman ƙuri'a ba, ya san a layin nan ko kare ba zai bi Kansila ba. Abin da ya roƙa ɗan kaɗan ne: Mai Faci ya ci gaba da abin da ya saba, wato zagin jam'iyyu kaf, sai dai ya ƙara da cewa ranar zaɓe kowa ya yi zamansa a gida. Shi kuma Kansila zai hana a rushe rumfarsa ta facin taya, wadda hukuma ta riga ta shafa wa jan fenti.

"Baba, ai ba ƙarya za ka yi ba. Ba kai ke cewa duk ɓarayi ne ba?"

"Har gobe," in ji Mai Faci. Ya goge hannu a wando ya miƙa masa.

Abin da Gajere ya manta, ko ya ɗauka an manta, shi ne kwata. Kansila ne ya toshe babbar kwatar layin ya dasa shaguna a kai. Da damina ta zo ruwa ya rasa hanya, ya jiƙa katangar gidan Mai Faci har ta faɗo wa yayarsa a ƙugu. Tun daga nan Yaya ba ta sake takawa da ƙafarta ba. Kansila ko sannu bai aiko ba.

Da labarin cinikin ya isa gida, matar Mai Faci ta dire masa kwano kamar za ta fasa, ta ce ba ta san ta auri mai sayar da ƙugun 'yar'uwarsa ba. Bai tanka ba. Yaya daga kan katifa ta ce a ƙyale shi, tun yana cikin tsumma in ya yi shiru irin wannan to wani zai yi kuka.

A bakin titi kuwa murya ya buɗe. Mai jar tuta ɓarawo, mai koriya ƙanen ɓarawo, na ukun bai samu dama ba ne kawai. Wa zai ƙona ƙeyarsa a rana saboda su? Gajere yakan wuce a babur ya ji, ya ɗaga masa hannu. Kansila ya kwashe 'yan bangarsa da motocinsa ya kai wasu unguwanni, tunda wannan ta kwanta.

Amma aikin faci yana da wani wuri da ba a jin magana. In za a nemo huji, sai a tsoma tayar cikin daron ruwa, mai taya da mai gyara su sunkuya kai da kai suna jiran kumfa. A nan Mai Faci yake sauke murya. Ya gaya wa direba, ya gaya wa tela mai keke, ya gaya wa mai kai yara makaranta, kowa ya kai wa matarsa: a nemo katin zaɓe, a yi shiru.

Tela ya ce to wa za a zaɓa, tunda duk ɗaya ne?

"Aure za ka ba shi da sai ka so shi? Ka duba wanda ya fi kusa da kayar da Kansila, ka dangwala masa. In shi ma ya toshe mana kwata, mu kayar da shi. Zamanka a gida shi ne abin da suka zo saye, ka ga ashe yana da daraja."

Ranar zaɓe da hantsi Gajere ya leƙo makarantar da ake jefa ƙuri'a, don ya ga fili. Ya tarar da layi har bakin ƙofa. A gaba Mai Faci ne, ya turo Yaya a kan baro, an shimfiɗa mata bargo, ta riƙe katinta a ƙirji.

"Baba, haka muka yi da kai?"

"Na ce duk ɓarayi ne, ban janye ba. Yau naku muka zo kamawa."

Yaya ta ce a gaya wa Kansila ta gode da gaisuwar da bai aiko ba, ga ta ta kawo tata da kanta.

Kafin a sanar da sakamako, motar rusau ta zo kan rumfar. Kansila yana da sauran iko, ya kuwa yi amfani da shi. Mai Faci ya tsaya da famfonsa a kafaɗa yana kallo, har da nuna wa direban inda ginshiƙin ya fi taushi.

In lissafi ake so, ga shi. Kansila ya rasa kujera, shagunansa kuma sabon kansilan ya rushe su, ba don Allah ba, don ya ga layin masu ƙuri'a ranar nan ya tsorata. Gajere ya koma bayan sabon, irinsu ba sa faɗuwa. Unguwa ta samu kwatarta. Yaya ƙugunta bai dawo ba. Mai Faci ya rasa rumfa, yana faci a gindin bishiya, rana na dukansa, kuma ya riga ya fara zagin sabon kansilan, wanda duk safiya sai ya rage tafiyar mota ya gaishe shi.