Raggon Majigi

Mainasara bai taɓa barcin rana a gona ba sai ranar da mutanen majigi suka zo fadamar Wurno da akwatinsu na ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Bature ɗaya ne da tafintansa, suna neman manoma biyu, ɗaya ya fito a mai himma, ɗaya a raggo. Kowa ya nuna Mainasara a kan mai himma, don saboda irin albasa da yake sayarwa har Goronyo da Rabah an san sunansa. Amma surukinsa Maccido yana tsaye a wurin, kunya kuwa ba ta bar Mainasara a yabe shi a gaban suruki ba. Ya ce a ba Baba Maccido mai himma, shi zai kwanta a raggon. Ya kwanta gindin gawo, aka saki awaki cikin albasa, ya hangame baki kamar yadda aka ce ya yi.

Mahaifiyarsa Tani ta leƙa gilashin akwatin ba ta ga fuskarta ba. Ta ce madubin da ba ya mayar wa mutum da fuskarsa, riƙe ta yake yi. Aka yi mata dariyar tsufa.

Bayan shekara majigi ya dawo. Aka fara da zanen wani sauro mai tafiya da ƙafa biyu yana rawa, sannan ga Mainasara a jikin farin ƙyalle, baki buɗe, akuya tana cin gonarsa. Mutanen Wurno suka yi dariya har da hawaye, don sun san gaskiya. Matsalar ita ce motar majigi ba ta tsaya a Wurno ba.

A kasuwar Goronyo sun san irin albasarsa, ba su san fuskar mai shi ba. Yanzu kuwa sun san ta. Ya shimfiɗa tabarmarsa tun hantsi, masu saye suna zuwa, su dube shi, su taɓa juna, su wuce. Wani ya tambaye shi ko awakin sun rage wani abu. A Gandi ma haka. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ga irin shekara guda jibge a ɗaki ba mai so.

Ya bi motar har Rabah, ya sami Malam Zayyanu, mai yi wa mutane bayanin majigi da lasifika, ya roƙe shi a cire shi daga ciki. Zayyanu ya ji tausayinsa, amma ya ce faifan ba guda ba ne, akwai a Katsina, akwai a Zariya, kuma shi ba a ba shi ikon yanke ko taƙi ɗaya ba.

“To mi za ni yi?” in ji Mainasara.

“Sai haƙuri, Mainasara.”

Bayan magariba aka kunna. Da aka zo wurin gawo, Mainasara ya miƙe ya tsaya gaban ƙyallen, yana so ya faɗa musu ko shi wane ne. Hasken ya sauka a farar rigarsa, ga shi nan kwance a ƙirjin kansa, baki buɗe. Ya fara magana, ƙarar inji ta danne muryarsa.

Wani dattijo a layin gaba ya ja gefen rigarsa a hankali.

“Bawan Allah, zamna ƙasa. Raggon ga mu ka kallo.”