Bokitan Baba Banki

A layin su Auta ba a sauraron labaran kasuwanci don a fahimta. Ƙarfe bakwai na safe za a kunna rediyo, a ji mai karanta labarai yana zubo kashi kaza cikin ɗari, a ja tsaki, sannan kowa ya fito ƙofar gida ya zuba ido ya ga abin da Baba Banki zai saya.

Baba Banki dattijo ne siriri mai gilashi, wanda ya yi shekara talatin yana aiki a banki. Masinja ne, aikinsa kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan, amma hakan bai taɓa damun kowa ba. "Mutumin da ya shekara talatin yana shaƙar iskar banki," in ji mahaifin Auta, "ko tari ya yi akwai ilimi a ciki." Idan ya sayi ashana, kafin azahar ashana ta ƙare a shagon bakin titi. Manyan mutane masu iyali, waɗanda ba sa yarda a cuce su ko a cinikin albasa, sun tattara hankalinsu kaf sun ba tsoho ɗaya ajiya.

Ranar Talata rediyo ya ce babban banki ya ƙara kuɗin ruwa. Ranar Laraba aka ga Baba Banki ya dawo daga kasuwa a bayan babur, rungume da bokitan roba goma sha biyu. Kafin Juma'a farashin bokiti ya ninka a unguwar.

"Kin gani ko?" in ji Baba, mahaifin Auta, yana jera nasa ashirin a falo. "Ya hango. Mutumin nan ya hango."

Auta ta karanci tattalin arziki shekara huɗu, tana zaune a gida tana jiran aiki, ga shi ko wurin miƙe ƙafa babu a falon ubanta.

"Baba, ku ne fa kuka tayar da farashin. Layi guda ya afka wa mai shago ɗaya, me zai hana ya ƙara?"

"To ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya tashi, amma..."

"Shi ke nan. Ajiye ammar."

"Kuɗin ruwa na masu karɓar rancen banki ne. An ƙara shi ne don mutane su rage kashe kuɗi. Mene ne haɗinsa da bokiti?"

"Da na san haɗin ai da ni ne Baba Banki."

Da abin ya tsaya nan da Auta ta haƙura. Amma Baba ya ƙudurta cewa wannan karon ba za a bar shi a baya ba. Zai sayar da firizar gidan ya sayi bokitai cike da mota. Ya riga ya yi magana da dillali, zai zo da kurar ɗaukar kaya ranar Asabar ƙarfe goma.

Firizar nan ita ke riƙe da gidan. Mama ke ƙulla ruwa ta yi ƙanƙara, masu sayar da lemo da masu kifi suna zuwa saye tun da sassafe. Tun da Baba ya ajiye tuƙin mota, cefane daga cikinta yake fitowa.

"Baban Auta," in ji Mama, "in ka sayar da ita, bokitin za mu dafa?"

"Ni na saye ta. Wata biyu kawai, in sayo miki babba mai ƙofa biyu."

Asabar da safe Mama ta kwashe ƙanƙarar ta rabar wa maƙwabta, ta zare wayar daga soket, ta tsaya tana goge cikin firizar da tsumma kamar mai sallamar ɗa zai yi tafiya. Wannan gogewar ce ta tayar da Auta. Ta figi mayafi ta fita.

An kwana ana ruwa, layin duk caɓi. Tana tsallake kududdufai tana shirya maganganun da za ta faɗa wa tsohon. Za ta tambaye shi wace jarida ce ta ce masa roba za ta yi tsada, da wane ilimi yake ɗora mutane a kan hanyar asara.

Ta yi sallama, matarsa ta ce ta shigo. Ta ɗaga labule ta leƙa ɗakin.

Bokitai goma sha biyu suna nan, kowanne a inda aka ajiye shi. Ɗaya a kan gado, biyu a bakin taga, ɗaya a saman talabijin. Silin ya jiƙe ya yi ciki, ruwa na ɗiga tal, tal. Baba Banki na tsaye a tsakiya da wando a naɗe zuwa gwiwa, yana juye wanda ya cika a cikin baho.

"Baba... yoyo ne?"

Ya cire gilashin ya goge da gefen riga. "Kwanon ya tsufa, 'yata. Kafinta ya ce sai an sauya duka. Na ga bokiti ya fi sauƙi."

"Ka san layin nan duk sun sayi bokiti saboda kai?"

"Na sani. Jiya na je ƙaro biyu, na tarar sun fi ƙarfina."

Auta ta rasa dariya za ta yi ko kuka. "To me ya hana ka gaya musu?"

"In ce me? Shekara goma ina fita sayayya mutane na bi na. Ban taɓa cewa kowa ya bi ni ba. Na taɓa ce wa ubanki ban san komai ba a harkar nan, ya ce ai haka masana suke, ɓoye kansu suke yi." Ya rage murya. "Ke da kika yi karatun, wai mene ne kuɗin ruwan nan da aka ƙara?"

Ta duba agogon bango. Goma saura kwata. Ta gaya masa zancen firiza a taƙaice, ta ce ya zo ya faɗa wa Baba gaskiya.

"Ba zai yarda ba. Cewa zai yi ina so in ci riba ni kaɗai." Ya sauke ƙafar wandonsa. "Miƙo mini hulata."

Sun iso dillali da mai kura sun riga sun fito da firizar tsakar gida. Baba Banki bai ko gaisa da kyau ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya buɗe murfin ya leƙa, ya gyara zaman gilashi.

"Sayarwa ake? In ba a gama ciniki ba, ina so."

Baba ya dubi firizar, ya dubi tsohon, idanunsa suka ƙanƙance.

"Firiza kake nema?"

"Tambaya kawai na yi."

"Ajiye ta!" Baba ya daka wa mai kura tsawa. "Wa ya ce sayarwa zan yi? Iska na fito da ita ta sha. Ku mayar da ita inda kuka ɗauko, a hankali, kada ku kuje mata fenti."

Dillali ya ciro waya yana tambayar wani ko tsohuwar firizar nan ta gidan surukarsa tana nan. Maƙwabcin da ke leƙe ta katanga tuni ya ɓace.

Mama ta mayar da waya cikin soket. Injin ya ɗauki gurnaninsa, ta fara ƙulla ruwa ba tare da ta dubi kowa ba.

Auta ta zauna a bakin ƙofa tana huci. Shekara huɗu na karatu ba su motsa ubanta ko taku ɗaya ba, tsoho ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu magana ta ƙare. Kuma ita ce ta je ta ɗauko shi.

Baba ya raka Baba Banki har titi, ya dawo yana murza hannu.

"Saura ƙiris mu yi asara. Auta, tunda zaman banza kike yi, ki riƙa zuwa wurin mutumin nan da littafinki, ko kya tsinci wani abu."

"Zan je, Baba," in ji ta. "Ya ma ce in zo ranar Litinin, akwai abin da yake so mu tattauna."