Gefen Hagu na Wuyan Mama

…kuma a dama ake tsayawa. Haka aka koya mata a makarantar likitanci, haka take koya wa na baya. A ɗaga kan gado kaɗan, a kautar da fuskar marar lafiya, a duba jijiyar wuya ta dama. In ta cika ta miƙe, zuciya ta gaza, ruwa ya taru. In tana kwance, a gode wa Allah.

Ta Mama kullum a kwance take.

Yanzu ma a dama take tsaye. Mama na kan gado, robar iska a hanci, numfashi da ƙyar. Dogo, likitan zuciya, abokin karatunta, yana goga kan na'urar hoto a wuyan tsohuwa, yana neman inda zai sa bututun magani. Ya daina raha. Dogon da ko a zaman makoki sai ya sa an ƙunshe dariya…

Ga jijiyar dama a allo. Siririya kamar zare. Ba toshewa ta yi ba, haka aka halicce ta. Ta taɓa karantawa a ƙasan wani shafi — wasu mutane, ta hagu jinin kansu yake sauka. Wasu mutane. Wa yake zaton wasu mutane a gidansu suke?

Falon Mama, ranar hutu. "Likita ta iso, kowa ya ɓoye wuyansa," in ji Yaya. Gaskiyarsa. Ta san wuyan mai gadi, ta san na mai kayan miya, har na surukarta ta ƙare wa kallo ana tsakiyar gaisawa. Mama ta kishingiɗa a kujerar nan ta jikin bango, hagu ta bango, dama a fili… har kujerar ma da ita aka haɗa baki. Ƙafa ta kumbura? Zama ne. Haki? Shekaru ne. Yaya ya ce a kai ta a yi hoton zuciya mana. "Wa ya yi karatun, ni ko kai?" Cikin wasa ta faɗa. Kowa ya yi dariya, Mama ta fi kowa.

Dogo yana zagaya gadon. Yana ɗage mayafi ta gefen hagu — ba ma sai da na'ura ba. Ga ta nan, kaurin yatsa, cike taf, tana harbawa har gindin kunne. Tun yaushe? Jijiya ba ta cika haka tsakanin jiya da yau.

Bai dube ta ba. Kirki ne, ta sani, kuma kirkin ya fi zagi ciwo.

Tana ganin labule, ƙugiya ɗaya ta cire. Tana ganin takalmin Dogo, yana son goga. Ƙwaƙwalwarta tana ta aikinta — maganin fitar da ruwa, ƙoda za ta ɗauka kuwa? zuciyar da saura, ko an makara? — sauran jikin kamar na aro.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. Nata ya sani sarai. Inda ya auna ne babu komai. Zagaya kujera kawai… wa zai hana ta? Ba wanda ya hana.

Yaya na bayan gilashin ƙofa, waya a hannu tana ta haske, dangi ne. Tun a mota yake kauce wa idonta. Gara ya yi faɗa. Za ta fita ta ce masa me — irin halittar ce? Gaskiya ne ai. Rabin gaskiya ma gaskiya ce, ko?

Dogo ya shafa magani mai sanyi, ya ɗauki allura. Mama ta buɗe ido, ta ga baƙon hannu a wuyanta, ta yamutsa fuska. Tana lalubawa a dama, inda ta san za ta sami 'yarta.

"Ɗan nan, dakata," muryar a shaƙe. "Bar Auta ta duba ni tukuna. Ita ta san wuyana."

Dogo ya tsaya, allura a sama. Yana jira. Mama ma tana jira… ita kuma ƙafar ta ƙi ɗaguwa.